Tuwo, Tattaki da Ciwon Suga: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Bauchi

Ciwon suga iri na biyu shi ne ya fi yawa a cikinmu. Yakan kama mutum bayan ya manyanta, ko da yake yanzu ana ganinsa har ga 'yan shekara talatin. Tambayoyin nan daga bakin masu ciwon da masu jinyarsu na tattaro su a nan Bauchi, wasu a layin asibiti, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu a gidan suna. Maganar ƙara magani ko rage shi ta likitan da ya san fayil ɗinka ce. Amma abin da ke shiga kwano, da abin da ƙafa ke yi bayan an tashi daga kan kwanon, a hannunka suke, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Malam, wata shida ke nan ban sa suga a shayi ba. Me ya sa awona bai sauka ba?

Saboda sugan da ke cikin jini ba daga gwangwanin suga kaɗai yake fitowa ba. Tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, rogo, garin kwaki, duk sitaci ne, kuma da sun isa hanji jiki zai narkar da su su koma suga. Malmala biyu ta tuwon shinkafa ta fi ƙwayar suga biyun da ka hana kanka nesa ba kusa ba. Shi kansa shayin, ai da rabin burodi ake shansa.

Ka ɗauka mota ta zo sauke kaya a kasuwar Muda Lawal. Jini shi ne titi, tsokar jiki da hanta su ne shaguna, insulin kuma, wato sinadarin da jiki ke samarwa, shi ne ɗan dakon da ke kwashe suga daga titi ya kai shago. Ga mai ciwon suga iri na biyu, ƙofofin shagunan sun yi tauri, 'yan dakon kuma sun gaji. In an sauke buhu ashirin za su lallaɓa su kwashe. In an jibge ɗari biyu a lokaci ɗaya, titi ya toshe, kuma wannan cunkoson ne, shekara bayan shekara, ke cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Don haka ba a ce ka bar tuwo ba. Cewa aka yi ka juya lissafin da muka saba, na tuwo tuli guda da miya ɗan yayyafi. Raba faranti gida biyu. Rabi na ganye ne: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yalo. Ɗaya rabin ka sake raba shi biyu, kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kashi ɗaya tuwon, kwatankwacin dunƙulen hannunka. A fara da ganyen da naman, tuwo ya biyo baya, domin hakan na rage saurin hawan suga. Miyar kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa a zuba su da hannu sake. Gishiri da magi ne za a ja wa birki, tunda hawan jini abokin tafiyar ciwon suga ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

An ce in koma tuwon alkama ko acca, wai su ba sa tada suga. Gaskiya ne?

Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Alkama sitaci ce, acca ma sitaci ce. Na sha ganin dattijo ya bar tuwon dawar gidansa, ya sayo garin alkama da tsada, yana cin malmala uku da kwanciyar hankali saboda an ce masa magani ne, awo kuma yana ta hawa.

Acca abinci ce mai kyau, ga ta muna samunta daga wajajen Bogoro da Tafawa Balewa da Filato. Faten acca da aka cika da ganye ya fi tuwonta. Amma dawa da gero da ba a surfe su sun yi fari fat ba su ma ba su da laifi, domin dusar nan da muke bai wa awaki ita ce ke sa abinci ya narke a hankali. Gwargwadon yadda aka surfa hatsi, aka niƙa shi ya yi laushi, aka dafa shi ya yi luguf, gwargwadon saurin da zai koma suga. Wanda bai da kuɗin acca kada ya ɗaga hankalinsa. Ya rage malmala, ya ƙara wake. Shinkafa da wake a ce waken ya rinjayi shinkafar. Alale da ƙosai sun fi burodi a karin kumallo, sai dai a kula da man ƙosai. Shi kuwa ɗanwake, a tuna yawanci akwai garin rogo ko fulawa a cikinsa.

To masa fa? Mu nan Bauchi ai ba a raba mu da ita.

Ba zan ce a rabu da ita ba, don na san ba za a ji ba. Amma a san abin da ake ci: farar shinkafa ce aka jiƙa aka niƙa, aka sa mata suga, aka soya. Wasu kuma su barbaɗa wani sugan a kai, ko su tsoma ta a zuma. Ka ci biyu ko uku da miyar taushe mai yawan ganye, da ɗan nama ko ƙwai, ba kowace safiya ba. In a gida ake yi, a rage sugan ƙullin. Daga nan ka gwada jininka awa biyu bayan ka fara ci, ka ga abin da ta yi maka kai, domin jikin wani ba na wani ba ne.

Fura da nono, kunu, zoɓo?

Abin da aka sha ya fi abin da aka tauna saurin shiga jini, shi ya sa nake tsoron kofi fiye da kwano. Kunun zaƙi sunansa ma ya faɗi halinsa. Koko da kunun gyaɗa da kunun tsamiya ko ba a sa suga ba hatsi ne da aka tace, don haka ƙaramin kofi ɗaya ya isa, a haɗa shi da ƙosai ko ƙwai. Fura a dama rabin dunƙule da nono mai yawa, ba suga, kuma a lissafa ta a matsayin abincin wannan lokacin, kada a ɗora ta a kan tuwo. Zoɓo da citta da kanumfari ba suga, bismillah. Lemon kwalba kuwa, roba ɗaya ta santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, sama da ƙaramin cokali 12. Lemon maltin da ake kai wa marar lafiya dubiya da sunan ƙarin jini shi ma haka yake.

Waɗanne lambobi ya kamata in riƙa gani a na'urar gwaji?

Ga yawancin manya, kafin cin abinci ana son 80 zuwa 130, awa biyu bayan fara ci kuma ƙasa da 180. Wannan in na'urarka tana awo da mg/dL ne. In ƙananan lambobi take nunawa, irin su 6.5 ko 9.2, to da mmol/L take awo, kuma abin da ake so shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin ci, ƙasa da 10 bayan ci. Ka ninka ƙaramar lambar sau 18, za ta ba ka babbar. Akwai kuma gwajin HbA1c da ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ana son ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin 100, ko da yake likita kan sassauta wa tsofaffi.

Tsinken gwaji na da tsada, na sani. Wanda ba zai iya kullum ba, kada ya ƙarar da nasa duk a gwajin asuba. Yau ka gwada kafin abincin rana da bayansa, jibi na dare, ka rubuta a littafi tare da abin da ka ci. Robar tsinken a rufe ta da kyau, kada a bar ta a mota ko a rana, don zafi na lalata shi ya riƙa ba da lambar ƙarya.

Wai da gaske tafiyar ƙafa na sauke suga, ko dai faɗar likitoci ce kawai?

Da gaske ne, kuma za ka iya tabbatarwa da na'urarka. Tsoka in tana aiki, tana buɗe ƙofarta ta jawo suga daga jini ko da ɗan dakon nan bai zo ba. Bayan an gama kuma ƙofofin kan zauna da laushi na kwana ɗaya zuwa biyu, insulin ɗin da jiki ke da shi ya fi yin tasiri. Dalilin da ya sa ake cewa kada a haɗa fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba ke nan.

Ma'aunin shi ne minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar. Tafiyar kuma ba ta rangwaɗa ba: wadda numfashi zai ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ba dole sai an je filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da kayan 'yan ƙwallo ba. Ka sauka daga Keke Napep tun kafin Wunti ka ƙarasa da ƙafa. Ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa.

In da za a ce in zaɓi abu guda, zan zaɓi tattakin minti 10 zuwa 15 bayan abinci, musamman na dare. Al'adarmu ita ce a ci tuwo mai nauyi bayan isha'i a miƙe a tabarma, daidai lokacin da suga ke tururuwa cikin jini. Tattakin nan shi ne ke tarar kayan tun suna sauka daga mota.

Sau biyu ko uku a mako a ƙara da abin da zai sa tsoka ta yi ƙarfi: tashi da zama daga kujera sau goma-goma, tura bango da hannuwa, ɗaga galan ɗin ruwa. Mai zaman shago ko ofis ko tela kuma ya riƙa miƙewa duk bayan minti 30, ko da zagaya benci ne. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke dukan Bauchi, a yi tafiyar bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu.

Ni mace ce, ba na fita, ga ciwon gwiwa. Yaya zan yi?

Hajiya, tsakar gidanki ta isa. Ki zagaya ta minti goma bayan kowane abinci, sau uku ya zama talatin. Shara, daka, wanki, jan ruwa a rijiya duk motsa jiki ne, kuma tun da aka bar wa yara da injin niƙa waɗannan ayyuka jikin iyayenmu mata ya yi nauyi. Ki karɓi tsintsiyar wani lokaci, ko 'ya'ya sun ce ki huta. In gwiwa ta ƙi, ki zauna a kujera ki riƙa miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga dunduniya ki sauke, ki ɗaga hannuwa da robar ruwa. In kika samu maƙwabciya ko kishiya kuka riƙa yi tare, ya fi ɗorewa.

Ina noma. Rannan a gona jikina ya hau rawa, gumi ya karyo mini, na ga duhu-duhu. Mene ne wannan?

Baba, da alama suganka ne ya faɗi, kuma wannan ya fi hawansa saurin yin illa. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya awon, shi ne faɗuwa. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri, saurin fushi, magana ta riƙa harɗewa.

Ba kowane magani ke jawo shi ba. Wanda aka rubuta metformin a kwalinsa, in shi kaɗai ake sha, da wuya ya kada suga. Amma allurar insulin, da ƙwayoyi irin su glibenclamide, glimepiride da gliclazide, suna ci gaba da aikinsu ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ka sha irin wannan da safe, ka fita da fartanya ba ka karya ba, ka yi huɗa har hantsi: magani na jan suga, tsoka na ja, ciki kuma babu komai.

In ya faru, ka bar aikin nan take ka zauna a inuwa. Ka sha suga babban cokali ɗaya a ruwa, ko ƙwayar suga huɗu, ko zuma babban cokali, ko rabin kofi na lemon kwalba. A nan ne kaɗai lemon ke zama magani. Ka jira minti 15. In akwai na'ura ka gwada, in ba ka dawo daidai ba ka maimaita. Da ka warware sai ka ci abinci sosai. Goro ko gyaɗa ko tsire ba za su yi wannan aikin ba.

Kafin fita gona ko doguwar tafiya, mai shan waɗannan magunguna ya karya tukuna, in awonsa bai kai 90 ba ya ƙara ɗan abin ci. Ƙullin suga ko dabino kada ya rabu da aljihunsa. Faɗuwar kan iya zuwa cikin dare ma bayan yinin aiki mai nauyi. Ka gaya wa likita cewa damina ta shigo, aikinka ya ƙaru, wataƙila ya rage maka magani. Iyalanka kuma su san wannan: in mutum ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗa musu mai ciwon suga ne.

Na gwada bayan na buga ƙwallo sai na ga ya hau. Ba sauka ya kamata ya yi ba?

Gudu mai tsanani kan sa hanta ta saki sugan da ta ajiye, sai awo ya ɗaga na ɗan lokaci kafin ya sauko. Ba abin tsoro ba ne. Abin kiyayewa shi ne fara motsa jiki alhali suga ya haura 250 kuma kana jin ƙishirwa, kasala, tashin zuciya ko amai. Ranar ba ta motsa jiki ba ce, ta ganin likita ce. Haka wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya sarƙe yana tafiya, ya tsaya. Wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ido ya tambayi likitan ido kafin ya fara ɗaga abu mai nauyi.

Mangwaro, kankana, rake, dabino, zuma?

Gwaiba, lemon zaƙi da gwanda a ci gwargwado, a tauna su, kada a matse ruwan. Mangwaro ƙarami ɗaya, ba a zauna gaban kwando ba. Kankana yanka ɗaya. Rake ruwan suga ne tsantsa. Dabino ɗaya ko biyu. Zuma tana da albarkarta, amma a cikin jini tana tada suga kamar yadda suga ke yi.

Ina shan shuwaka da maɗaci, an ce ɗaci na kashe zaƙi. In ajiye maganin asibiti?

Kada ka ajiye, don Allah. Ɗaci a harshe yake tsayawa, ba ya bin suga cikin jini ya kashe shi. Shuwaka a miya ganye ce mai kyau, zogale ma haka. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne jiƙe-jiƙe da garin da ake sayarwa a mota da lasifika, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba balle adadinsa, alhali ƙodar mai ciwon suga dama a wahale take. Ciwon kuma ba ya ihu. Mutum zai bar magani ya yi watanni yana jin garau, yana yaba mai maganin, har ranar da ido ya fara hazo. Duk abin da kake sha ka kai wa likita ya gani, ba abin kunya ba ne.

Zan iya yin azumi?

Da yawa suna iyawa, wasu kuma bai kamata su yi ba, kamar mai ciwon ƙoda mai tsanani, mai juna biyu, da wanda sugansa ke yawan faɗuwa ko ya kwanta asibiti kwanan nan saboda shi. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. A je wurin likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban don a gyara lokutan magani da adadinsa.

Wanda zai yi, ya jinkirta sahur, ya sa wake ko ƙwai ko nono a ciki, kada ya tsallake shi. Ya riƙa gwaji da rana, musamman bayan azahar da la'asar, domin ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. In awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamun faɗuwa suka zo, a karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira salla. Wurin buɗa-baki ne aka fi yin ɓarna: kunu, ƙosai, soyayyen dankali, lemo, sannan tuwo, duk cikin awa guda. A fara da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, a yi salla, a ci abinci ɗaya tsayayye. Motsa jiki mai nauyi kafin magariba a bar shi. Tarawihi da tafiya zuwa masallaci sun wadatar.

Me ya haɗa ƙafa da wannan magana?

Ita za ta yi tattakin, kuma ita ciwon ya fi yi wa kwanton ɓauna. Suga na kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Kowane dare ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido bai gani sosai wani ya duba maka. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa mai saboda faso, amma ban da tsakanin yatsun, kuma kada a kanga ƙafa a kaskon wuta. Kada a taka simintin harabar masallaci da rana tsaka ba takalmi. A zazzage takalmi kafin a saka. Mai yankan farce na kan hanya kada ya kusanci ƙafarka da reza. Ƙuje ko ƙurjin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, asibiti za a kai shi, kuma a dakatar da tattaki har sai an duba.

Ana warkewa kuwa?

Ciwon kan iya lafawa, har awo ya zauna daidai ba tare da magani ba, musamman ga mai ƙiba da bai daɗe da kamuwa ba. A wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2017, kusan rabin waɗanda aka sa wa tsarin rage ƙiba sun kai wannan matsayi bayan shekara guda, kuma waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye su suka fi dacewa. Amma in ƙibar ta dawo, shi ma yana dawowa, shi ya sa ba a kiransa warkewa. Ko rage kashi 5 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 ga mai kilo 80, yana nunawa a awo. Wanda dama siriri ne kada ya azabtar da kansa da yunwa. Nasa gyaran na irin abincin ne da lokacinsa, da shan magani yadda aka ce.

A gidanmu a tire ɗaya ake ci, ga biki da suna ba sa ƙarewa. Kada a ce na cika iyayi.

Ka faɗa musu gaskiya: ina da suga, likita ya yi mini iyaka. Da wuya a samu gidan da ba su san ciwon ba yanzu. A gida, ka roƙi uwargida ta zuba maka naka a ƙaramin kwano, ka zauna cikin jama'a ka ci tare da su, domin a tire hannu ba ya sanin adadin lomar da ya kai. Ba sai an ɗora maka tukunya daban ba. Abincin da ya dace da kai ya dace da yaran ma, tunda ciwon na bin jini. Wurin biki kuma kada ka je da yunwa. Ka ci ɗan kwaɗon zogale ko dafaffen ƙwai kafin ka fita. In an kawo, ka ɗauki naman da ganyen, ka taɓa shinkafar kaɗan. Lemon da aka miƙo maka ka karɓa ka yi godiya, ka sa a aljihun babbar riga ka ajiye shi saboda ranar da suga ya faɗi, sannan in gidan bikin ba nisa, ka koma da ƙafa.